Kwana Biyu Tsakanin Daura Da Durɓi Ta Kusheyi: Abin Da Idona Ya Gani

A wannan karon labarin wata 'yar tafiya na zo miki da shi, wadda muka yi ni da maigidana da yaranmu uku da kuma surukata Hajiya, daga Kano zuwa ƙasar Daura da ta Katsina. Kwana ɗaya kacal muka yi a waje, amma abin da na koyo a cikinta ya fi ƙarfin kwanakin.

Dalilin tafiyar kuwa abin kunya ne a gare ni, amma zan faɗa miki. Wata rana da daddare 'yata ta fari, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, tana aikin gida a kan Hausa Bakwai, sai ta ɗago kai ta ce, "Umma, wai da gaske ne akwai rijiyar da Bayajidda ya kashe maciji? Ke kin taɓa ganinta?" Na buɗe baki na rufe. Ni ce fa malamar Islamiyya, mai takardar NCE, wadda ke iya jero wa ɗalibai labarin Badar da Uhudu da Handaƙ ba tare da duba littafi ba, amma garin da ba ya kai tafiyar awa uku daga ƙofar gidana ban taɓa taka shi ba. Na ce mata, "Akwai ta, amma ban taɓa gani ba." Sai ta ce, "To ta yaya kika san akwai ta?" Wannan tambaya ita ta hana ni sukuni, har sai da na sami Malam na roƙe shi ya kai mu.

Shirin tafiya

Kin san yadda aikinmu yake. Mu a Islamiyya Alhamis da Juma'a ne hutunmu, shi kuwa maigida Asabar da Lahadi, saboda haka sai da muka jira hutun ƙarshen zangon farko, cikin watan Disamba, lokacin da aka gama girbi kuma sanyi ya sauka. Hajiya da ta ji labari ta ce ai ba za a bar ta ba, domin kuwa mahaifiyarta mutuniyar Daura ce, kuma rabonta da dangin can an fi shekara goma. Nan take tafiyar ta tashi daga yawon buɗe ido ta koma sada zumunci, muka sami masauki ba tare da mun nemi otal ba.

Abu na farko da Malam ya yi shi ne buga waya ga dangin Hajiya da kuma wani abokinsa direban haya mai bin hanyar, ya tambayi lafiyar titi. Ba sai na gaya miki halin da wasu hanyoyinmu na Arewa suke ciki ba. Shawarar da suka ba mu ita ce mu yi sammako, kada mu ratse daji ba tare da ɗan gari ba, kuma duk inda muke rana ta faɗi muna cikin gida. Ni kuma tun ranar Juma'a na soya dambun nama da cincin, na dafa ƙwai, na cika jarka biyu da ruwa, na haɗa buta da darduma da rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu.

Hanyar Kazaure

Ranar Asabar muna idar da sallar asuba muka ɗauki hanya. Hazo ya rufe gari, sai fitilun motoci kawai kike hangowa. Da muka wuce Dambatta gari ya waye sosai, gonaki suka bayyana dama da hagu, an sare karan dawa an jingine, rumbuna sun cika, ga shanu suna kiwo a cikin sauran harawa. Autana, wanda bai taɓa ganin rumbu ba sai a littafi, ya tambayi kakarsa wai su wane ne ke kwana a waɗannan ƙananan ɗakuna marasa ƙofa. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ka ji ɗan birni! Abincinka ne ke kwana a ciki."

A Kazaure muka tsaya karin kumallo, garin da duwatsu suka kewaye shi. A nan Malam ya ba yara labarin Ɗantunku, wanda ya yi zama a Dambatta, ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har aka wayi gari Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta tun wajen 1819. Ni kuma na yi amfani da damar na koya musu abin da suke karantawa a aji ba su taɓa aikatawa ba, wato sallar ƙasaru. A mazhabar Malikiyya matafiyin da zai yi tafiyar mil 48, kimanin kilomita 80, yana mayar da azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu, daga lokacin da ya bar gidajen garinsu, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya je ba. Tsakanin Kano da Daura ya haura kilomita 100, kenan mun cika sharaɗi. Wallahi, 'yar'uwa, darasin da na sha maimaitawa a allo yana zubewa, a ranar sau ɗaya na faɗa ya zauna.

A bakin rijiyar Kusugu

Mun shiga Daura da hantsi. Bayan an gaggaisa an sha fura, wani ƙanen Hajiya ya ja mu zuwa Kusugu. Rijiyar tana cikin gari ne, an gine ta a cikin ɗaki, kuma har yau akwai ruwa a cikinta. Mai kula da wurin ya ba mu labarin kamar yadda aka gada. Bayajidda, in ji masu labari, ya taso daga Bagadaza, ya yi zama a Barno inda ya auri 'yar sarki, ya bar ta a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja inda ta haifi Biram, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura cikin dare. Ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ai ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, saboda wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiya. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, ya sare kansa. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, shi kuwa ya ce aurenta yake so.

Wurin da ya fi jan hankalina a labarin, a matsayina na mace, shi ne abin da ya biyo bayan auren. An ce Daurama ta ba shi kuyangarta, wadda ake kira Bagwariya, ita ta riga haihuwa, ta sa wa ɗanta suna Karɓagari. Da Daurama ta ji haka, ita ma da ta haihu sai ta sa wa nata Bawo, wato a bayar da garin ga masu shi. Kin ga ashe habaici da sunan 'ya'ya tsakanin kishiyoyi ba yau aka fara ba! 'Ya'yan Bawo shida su ne aka ce sun mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, idan aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai.

Muna fitowa 'yata ta sake jefo tambayarta: "Umma, to yanzu na ga rijiya. Macijin fa, gaskiya ne?" Na ce mata rijiya gaskiya ce tunda ga ta, Daura tsohon gari ne babu shakka, amma labarin maciji labari ne na kunne ya girmi kaka, ba shi da isnadi irin wanda muke nema a hadisi. Masana tarihi irin su marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun nuna cewa Hausawa ba daga Bayajidda suka faro ba. Labarin ma da kansa ya nuna haka, domin baƙon ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da mutanen da ya yi magana da su. Saboda haka muna riƙe shi a matsayin gadon kakanni, muna ɗaukar darasin da ke ciki, ba tare da mun ɗora shi a mizanin abin da aka saukar ba.

Gorar ruwan Hajiya

Ga inda aka jarrabe ni. Kafin mu bar wurin na lura Hajiya ta fito da wata gora daga jakarta ta sa an cika mata da ruwan rijiyar. Da na tambaya a hankali, sai ta ce ai tun suna yara suke jin cewa ruwan Kusugu magani ne, za ta riƙa shafawa a gwiwarta mai ciwo. Gabana ya faɗi. Ga yarana suna kallo, waɗanda kullum nake koya musu cewa babu mai warkarwa sai Allah (SWT), kuma ba a jingina albarka ga wani wuri ko wani ruwa sai da dalili daga shari'a, kamar yadda ya tabbata a kan Zamzam. Ga kuma uwar mijina, mai shekara kusan saba'in, a gaban ƙanenta. Idan na yi shiru na rushe abin da na gina, idan na yi magana na kunyata babba a cikin danginta.

Na zaɓi na haɗiye maganata a lokacin. Sai da dare, bayan yara sun yi barci, ina shafa mata man zafi a gwiwar, na ce, "Hajiya, ni kam akwai abin da ke damuna, ina so ki ba ni shawara. Jikokinki sun ga an ɗebi ruwan nan, na san gobe za su tambaye ni ko yana warkarwa, ban san amsar da zan ba su ba." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malama kenan. Wato wa'azi kike yi mini ta bayan gida." Na ce, "Wane ni, Hajiya." Ta ce, "Na san Allah ke warkarwa. Ruwan garin uwata ne, shi ya sa raina ya biya." A nan na gane cewa rabin abin da ke cikin gorar nan kewa ce. Da safe da kanta ta kira yaran ta ce su zo su sha shayin da aka dafa da ruwan garin kakarsu, ta ƙara da cewa ruwa ne kamar kowane ruwa, sai dai daɗi. Da na yi gaggawar gyara ta a bainar jama'a, da na sami gaskiya na rasa suruka.

Tsohon Birni da Zango

Da la'asar ɗin ranar Asabar aka raka mu Tsohon Birni, 'yar tafiya kaɗan arewa da Daura, inda aka ce nan ne mazaunin farko kafin Daurama ta dawo da fada inda take a yau. Idan kina zaton za ki tarar da wata fada a tsaye, to ki rage zato. Gonaki muka tarar da kukoki da gidajen manoma. Amma a nan ne ake cewa mata sun yi ta mulki ɗaya bayan ɗaya da sarautar Magajiya, tun daga Kufuru, da Gino, da Yakumo, har zuwa kan Daurama. Matan wani gida da muka shiga gaisuwa suka shimfiɗa mana tabarma, suka kawo gyaɗa da fura, ba su san mu ba, ba su tambayi abin da ya kawo mu ba sai da muka sha. Na dubi 'yata na ce ta lura da wannan, domin Ayana ma da haka sunanta ya shiga tarihi, da saukar baƙo.

A hanyar dawowa ƙanen Hajiya ya ba mu labarin Zango, wadda lokaci bai bar mu mun je ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Ishaku ya karɓi Daura wajen 1805, sarakunan Haɓe suka fice, zuriyarsu ta zauna a wurare irin su Zango da Ɓaure kusan shekara ɗari. A 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango ya zama Sarkin Daura, kuma gidansa ne ke riƙe da sarautar tun daga lokacin. Wanda ya fita da wanda ya shiga duk sun kwanta dama, gari yana nan.

Durɓi ta Kusheyi

Ranar Lahadi da sassafe muka yi sallama, muka kama titin Katsina, sannan muka ratse zuwa ƙasar Mani tare da wani matashi ɗan yankin da aka haɗa mu da shi. Durɓi ta Kusheyi ƙauye ne da ke kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina, kuma sunansa ya faɗi abin da ke cikinsa, wato kusheyin Durɓawa, waɗanda ake ɗauka su ne sarakunan Katsina na farko, tun daga Kumayau. Har yau sarautar Durɓin Katsina tana nan, shi ne hakimin Mani, kuma yana cikin masu zaɓen sarki.

Abin da za ki gani tuddai ne na ƙasa a tsakiyar gonaki. Wanda bai sani ba zai wuce su yana zaton tsibin ƙasa ne kawai, alhali kowane ɗaya kabari ne na wani babban mutum. A 1907 wani jami'in Turawan mulki mai suna Palmer ya haƙa wasu daga ciki a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1959 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa, har da wata tsohuwar kuka da ake kira Kukar Katsi. A 1992 aka sake haƙa wasu tuddan tare da masana daga Jamus, aka sami mutanen an binne su da kayan adonsu: 'yan kunne na zinariya, da awarwaro na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da tasoshin ƙarfe, cikinsu har da wadda aka gano daga ƙasashen gabas aka kawo ta. Binciken ya nuna kaburburan sun kai shekara 500 zuwa 700. Wato tun a wancan zamani fatake suna ratsa hamada suna kawo kaya har wannan wuri da a yau mota ke shan wahala kafin ta isa.

Na tsaya a gaban tudu mafi girma jikina ya yi sanyi. Na tuna yadda muke ta da hankalin mazajenmu saboda sarƙa da 'yan kunne, yadda lefe ke raba zumunci, yadda wata ke cin bashi don ta fita kunyar biki. Ga waɗanda suka mallaki zinariyar har aka rufe su da ita, ba ta hana su zama ƙasa ba, ƙarshenta ma baƙi ne suka zo suka tono ta. Na gaya wa yara cewa wannan shi ne bambancin da Musulunci ya kawo mana: sarki da talaka likkafani ne fari, babu abin da ke bin mutum sai aikinsa. Alƙur'ani mai girma ya yi ta kiran mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi ƙarshen waɗanda suka gabace mu. Na sha fassara wa ɗalibai waɗannan ayoyi, amma a ranar na fahimce su. Na kuma ja kunnensu cewa mun zo ne don ɗaukar izina, ba a roƙon komai a wurin kabari, ba a ɗibar ƙasarsa.

Matashin da ya raka mu ya ƙara mana da labarin ƙarshen mulkin Durɓawa. An ce sarkinsu na ƙarshe, Sanau, gwanin kokawa ne da ba a taɓa kayarwa ba saboda wani asiri da yake ɗaure da shi, sai matarsa ta tona wa Korau, mutumin 'Yanɗoto, inda asirin yake. Korau ya kayar da shi ya kashe shi, ya zama sarki. Muhammadu Korau shi ne ake lissafawa Sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "Kun ji ko? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Namiji ko ya fi ƙarfin maza, bai fi ƙarfin bakin matarsa ba." Mu bar batun laya, wannan mun san matsayinta a addini. Amma ki duba yadda sirrin da aka faɗa a ɗaki ya kawo ƙarshen gidan sarauta guda. Yau da waya ke hannun kowa, sirrin miji nawa ne ke fita kafin a sauke tukunya?

Idan kina da niyya

Kafin azahar muka juyo, muka yi sallarmu ta ƙasaru a hanya, muka shiga Kano ana kiran magariba, ƙura ta yi mana fari fat kamar an tono mu. Abin da muka kashe bai wuce kuɗin mai da 'yar tsarabar da muka kai wa dangi ba, sai ɗan ihsani ga masu kula da wuraren.

Idan ke ma kina sha'awa, ki fara da shawartar maigida cikin lalama, ki zaɓi lokacin da aljihunsa bai yi zafi ba. Ku binciki lafiyar hanya a ranar da za ku tashi, kada ku dogara da labarin makon jiya. Ku nemi ɗan gari ya raka ku, ku fara gaida mai unguwa ko dagaci kafin ku shiga gonakin mutane, kada kuma a ɗauki hoton matan ƙauye ba da izininsu ba. Ki tanadi abincinki da ruwanki, ki sa yara su riƙe littafi da biro. Ba dole sai Daura ba. Ta yiwu garin kakanninki ma yana da ganuwa ko marina ko tsohon masallacin da 'ya'yanki ba su taɓa gani ba, kuma tsofaffin da suka san labarinsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

'Yata ta rubuta shafi huɗu a kan tafiyar, malaminsu ya sa ta karanta a gaban aji. Hajiya kuwa gwiwa tana nan tana fama, mun koma asibiti an canza mata magani, ki sa ta a addu'a. Ta riga ta fara yi wa ɗanta naci wai hutu mai zuwa sai an kai ta Zango.

Allah Ya sa mu amfana da abin da muka gani, Ya jiƙan magabatanmu Musulmi, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.